Masu Neman Injin Niƙa Gahawa, Kowa da Irin Ciwonsa

Da can shan gahawa a garuruwanmu ba ya buƙatar shawara da kowa. Ka zauna a bencin mai shayi, ya yaga 'yar ledar Nescafé, ya zuba ruwan zafi, ya sheƙa daga wannan kofi zuwa wancan, shi ke nan. Yanzu kuwa wasu 'yan birni a Abuja da Kano da Kaduna sun gano cewa gahawa ƙwaya ce, soya ta ake yi a niƙa, kuma ƙamshinta yana fara guduwa tun daga lokacin da aka niƙa ta. Daga nan ciwon yake kamawa: dole a sayi injin niƙa na gida. Wurin zaɓen injin nan ne halin mutum yake fitowa fili, ko da ya shekara ashirin yana ɓoye shi.

Wanda ya fi yawa shi ne Malam Duk-Ɗaya. A wurinsa niƙa niƙa ne. "Haba don Allah! Ga bilenda a kicin tana zaman banza, me zan yi da wani inji?" Sai ya zuba ƙwayar a ƙaramin kofin bilenda, ya danna, ya girgiza, ya sake dannawa. Abin da bai lura da shi ba, wuƙar bilenda sara take yi, kuma wanda ta samu shi take sara. Idan ya buɗe sai ya tarar wata ƙwayar ta zama ƙura, wata ta rabe biyu kawai, wata ko ƙwarzane babu. Ruwan zafi kuwa ba ya jiran kowa. Kafin ya tatso daɗin manyan ɓarɓashin, ya riga ya tatse ƙurar har ya kai ga ɗacinta, sai a samu kofi ɗaya mai tsami da ɗaci a lokaci guda. Inji mai haƙora aikin dutsen niƙa yake yi: ƙarafa biyu masu zane, ɗaya a kafe ɗaya yana juyawa, kuma ƙwaya ba ta fita daga tsakaninsu sai ta kai daidai ratar da ka saita. Ka matse ratar, gari ya yi laushi. Ka buɗe ta, ya fito tsaki-tsaki. Idan ka gama yi wa Malam Duk-Ɗaya wannan bayani zai gyaɗa kai, ya ce ya fahimta, ya ƙara sukari cokali biyu.

Ƙanensa ya fi shi ƙarfin hali. Shi yaro yake aika da rabin kilo na gahawar Habasha wurin mai injin bakin kasuwa, wanda ya gama niƙa barkono da busasshiyar kuɓewa ke nan. Baƙi suna kurɓa suna atishawa, shi kuma yana ce musu ai haka 'yan Habasha suke shanta.

Can ɗaya ƙarshen akwai Shehin Bincike. Wannan ya kalli bidiyon James Hoffmann, Baturen Ingilan da ya ci gasar masu haɗa gahawa ta duniya a 2007, har ya fara ɗaga gira irin tasa. Ya san cewa kowane ƙas ɗin da ka ji idan kana saita injin Comandante yana matsar da haƙoran kusan maikiron 30, ya san akwai injin 1Zpresso da nasa ƙas ɗin bai kai maikiron 10 ba, ya kuma san kaurin gashin kan mutum don ya kwatanta maka. Yana da jadawali a kwamfuta mai layi-layi da launuka. Ka gaishe shi a wurin ɗaurin aure, kafin a raba goro ya kai ka Taiwan ya dawo da kai ta Jamus. Matsalarsa ɗaya ce: duk ranar da ya yanke shawara, sai a fito da sabon samfuri, ko dala ta tashi, sai ya koma farko. Har yau bai sayi komai ba. Da safe za ka same shi a bencin mai shayin unguwa, da kofin Nescafé a hannu, yana yi wa mai shayi bayanin illar gari mara daidaito. Mai shayi yana cewa, "Haka ne, Yallaɓai. A sa madara?"

Alhaji Wanne-Ya-Fi-Tsada ba ya ɓata lokaci da jadawali. Tambayarsa ɗaya, amsarta kuma ita ce Mahlkönig EK43, injin Jamus mai haƙora masu faɗin milimita 98, wanda sunansa ya cika duniyar gahawa bayan Matt Perger ya yi amfani da shi a gasar duniya ta 2013 a birnin Melbon. Inji ne na shago, wanda aka yi don niƙa buhu-buhu, kuɗinsa dubban daloli, nauyinsa ya haura kilo 20, tsayinsa kuma ba ya shiga ƙarƙashin kabad ɗin kicin. Wannan bai dami Alhaji ba, domin dama ba kicin ya nufa da shi ba. A falo aka ajiye shi, kusa da talabijin, inda duk mai shigowa zai tambaya. Sau ɗaya a mako ake kunna shi, a niƙa giram 15, a dafa, a zuba madarar gwangwani da sukari har sai launin ya koma na kunun gyaɗa. Ni dai ban ga laifinsa ba. Kuɗinsa ne, kuma injin bai taɓa yin ƙorafi ba.

Wanda nake tausaya wa shi ne mai saƙo daga Amurka. Ya yi bincike daidai, ya zaɓi inji mai kyau, ya roƙi ɗan yayarsa da ke karatu a can ya taho masa da shi. Yaro ya rage kayan sawarsa don injin ya samu wuri a akwati. "Kawu, ga saƙonka." Kawu ya buɗe kwali, ya nemo adafta, ya soka a bango. Wutar gidajen Amurka 120 ce, tamu 230. Injin ya yi wata ƙara da bai taɓa yi ba, ba kuma zai sake yi ba, sai ɗan hayaƙi da ƙauri. A jikin gindin injin an rubuta adadin wutar da yake ɗauka, ƙarara, kuma Kawu yana karanta shi a karon farko bayan an gama. Injin da aka yi don Ingila ko sauran Turai ba shi da wannan matsala a wurinmu. Na Amurka kuwa sai da taransifoma mai rage wuta, wadda wani lokaci ta fi injin nauyi.

Daga cikin waɗanda wuta ta ƙona, ko waɗanda suka gaji da tayar da janareta don kofi ɗaya, ake samun mai wa'azin injin hannu. Gaskiya yana da hujja. Injin hannu ba shi da na'urar lantarki mai juya shi, saboda haka kusan duk kuɗin da ka biya yana tafiya ne ga haƙora da sandar da ke riƙe su, shi ya sa na hannu mai kyau yakan fi na lantarki mai irin farashinsa iya niƙa. Mai haƙoran ƙarfe, irin na Timemore ko 1Zpresso ko Comandante, yana gama giram 20 cikin kusan minti ɗaya. Ba ya tashin jariri, ba ruwansa da an ɗauke wuta ko an kawo. Amma mai wa'azi ba ya tsayawa a nan. Sai ya ce juyawar ma tana kwantar da hankali, tana koya wa mutum haƙuri, tana motsa jini. Haka yake ta faɗa har ranar Sallah, da abokai goma sha biyu suka cika masa falo kowa ya ce zai ɗanɗana wannan gahawa da ake ba su labari. A zagaye na huɗu ya cire babbar riga. A na shida ya kira ɗansa. A na takwas ya leƙo ya ce, "Wai ba mai son shayi ne a cikinku?" Wanda kuma ya sayi mai arha, mai haƙoran tangaran, don ya niƙa gari mai laushi sosai, shi ko baƙi ba ya buƙata kafin kafaɗarsa ta gaya masa gaskiya.

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati, da ba a jayayya da shi. Ya ji cewa kamfanin Peugeot ya fara ƙera injin niƙa gahawa tun 1840, shekaru masu yawa kafin ya ƙera mota ko ɗaya, kuma har yanzu ana sayar da injin mai tambarin zaki. Magana ta ƙare. Mutumin da ya tuƙa 504 haɗin Kaduna shekara da shekaru ba zai saurari wani yaro yana kira masa sunayen kamfanonin Sin ba. Ya samo na katako mai 'yar durowa a ƙasa, yana matse shi tsakanin gwiwoyi yana juyawa, yana ba da labarin hanyar Jos.

Sai mai mafarkin esfireso, wanda ya zuba duk kuɗinsa a na'urar dafawa mai walƙiya, ya sayi injin niƙa da canjin da ya rage. Baibai ya yi. Esfireso ba ya yafiya: giram 18 na gari, ruwa ya ratsa shi da matsi mai ƙarfi, a samu kamar giram 36 a kofi cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Idan garin ya ɗan yi kauri, ruwa ya wuce fuu cikin daƙiƙa goma, tsami zalla. Idan ya ɗan yi laushi fiye da kima, na'ura ta shaƙe tana ɗiga da kyar. Wurin da ake nema yana tsakanin biyun, kuma injin da matakansa suke da faɗi yakan tsallake shi: mataki na 5 ya shaƙe, na 6 ya zube. Ko Baratza Encore, mai matakai 40, da ake yaba wa sosai wajen gahawar tacewa, sai da kamfanin ya fito da wani samfurinsa daban, Encore ESP, don masu esfireso. Mutuminmu bai san wannan ba. Yana ta zargin ƙwaya, yana zargin ruwan famfo, yana zargin mai sayarwa, ya zubar da rabin leda a kwandon shara kafin ƙarfe takwas na safe.

Ba zan daɗe a kan jam'iyyu biyun nan ba, 'yan haƙora masu siffar mazurari da 'yan haƙora masu siffar faifai. Na farko sun ce nasu yana ba da kofi mai kauri da jiki, su ne masu Niche Zero. Na biyu sun ce nasu yana fito da kowane ɗanɗano a rarrabe, su ne masu Fellow Ode. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar kowa. Amma a rufe musu ido a miƙa musu kofi biyu, sai ka ji ɗaki ya yi tsit.

Wanda ya fi ba ni dariya, kuma ya fi su duka gaskiya, shi ne mai 'yar kwalbar feshi. Kafin ya niƙa sai ya auna ƙwaya a sikeli, ya fesa mata ruwa sau ɗaya, ya girgiza. Mutanen gida sun ɗauka tofi yake yi. Dalilinsa kuwa ingantacce ne: gogayyar niƙa tana sa garin ya ɗauki irin wutar nan da ke sa riga ta manne a jiki lokacin hunturu, sai ya yi ta tashi yana liƙewa a inji da tebur da hannun riga. Ɗigon ruwa yana kashe ta. A ƙarshen 2023 masana a Jami'ar Oregon suka wallafa bincike a kan haka a mujallar Matter, kuma cikinsu har da masanin duwatsu masu aman wuta, domin toka mai fita daga dutse ma haka take ɗaukar wuta. Duk wanda ya taɓa niƙa gahawa a Kano a watan Janairu ba ya buƙatar mujalla kafin ya yarda.

Duk waɗannan suna da abokin gaba ɗaya, kuma a cikin gida yake. Akwai wadda ta ga injin ta ce ai wannan zai yi kayan shayi, ta zuba citta da kanumfari da masoro. Man kanumfari idan ya shiga haƙora ya zauna ke nan, wata guda maigida yana shan gahawa mai ɗanɗanon maganin haƙori. Akwai yaron gida mai himma da ya kwance injin ya wanke shi tas da ruwa da sabulu, ya kife shi a rana, washegari tsatsa ta fito. Buroshi busasshe kawai abin yake so. Akwai kuma shi kansa maigidan, da aka tambaye shi, "Baban yara, nawa ka sayi wannan abin?" ya faɗi kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin, ba tare da sanin cewa uwargida ta riga ta duba a waya ba.

A gefe guda kuma ga Hajiya da ta yi zama a Sudan, tana kallonsu duka. Ita takan soya ƙwayarta a kan garwashi, ta daka a ɗan turmi da citta, ta dafa a butar jabana, ta zuba a ƙananan finjali. Ba ta san maikiron ba. Irin dahuwarta ba ta damu da daidaiton gari sosai ba, kuma ƙwayarta ba ta wuce minti goma da barin wuta ba. Gahawarta ta fi ta Alhaji daɗi nesa ba kusa ba.

Mai karatu, idan ciwon ya kama ka, fara da tambayar kanka yadda kake dafa gahawarka da kuma mutum nawa ke sha. In kai kaɗai ne ko ku biyu, kuma tacewa kake yi ko butar moka, sayi na hannu mai haƙoran ƙarfe, ya ishe ka shekaru. In gidan da yawa ne, nemi na lantarki mai ɗaukar wutar 230, ka duba gindinsa kafin ka biya. In esfireso kake so, injin niƙa za ka fara saya kafin na'urar. Sauran kuɗin ka sa su a sabuwar ƙwaya, ko ta Habasha ko tamu ta tsaunin Mambila, kuma ka saya wa uwargida nata injin na kayan yaji daban.