Bayani a Kan Yawon Buɗe Ido Bisa Acaba, Daga Zobe Zuwa Kurfi

Yawon buɗe ido a bayan babur, inda baƙo yake ɗaukar hayar matuƙi na yini guda domin ya zagaya da shi wuraren da suka cancanci kallo, sana'a ce da ta kafu a wasu ƙasashe, musamman Biyetnam, inda hanyar Hai Van da ke tsakanin biranen Hue da Da Nang take hawa dutse tana lanƙwasa, teku yana shimfiɗe a ƙarƙashinta. Tun da aka buɗe ramin da ya huda dutsen a 2005 akasarin motoci suka koma bi ta ciki, aka bar wa masu babura da masu ɗaukar hoto tsohuwar hanyar. Ƙasar Dutsin-Ma da ke jihar Katsina ba ta da teku, ba a kuma sa ran za ta samu nan kusa, amma tana da sauran abubuwan da irin wannan tafiya take bukata. Akwai duwatsu masu sulɓi da suka tsiro a tsakiyar fili, ciki har da wanda garin ya samo sunansa daga gare shi, inda tarihin baka ya ce wani maharbi mai suna Ma ya zauna. Akwai madatsar ruwa ta Zobe a kudu da gari, wato bangon ƙasa mai tsawon mita 2,750 da aka tare kogin Karaduwa da shi, aka kammala a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari. Babura kuwa sun wadata, mafi yawansu Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, waɗanda ake acaba da su, wato jigilar fasinja don kuɗi, abin da wasu suke kira kabu-kabu.

Abin da ba a samu ba shi ne fahimtar juna tsakanin mai haya da wanda aka ɗauka haya game da ma'anar tafiyar, kuma labarin wani malami mai zurfin karatu, wanda za a sakaya sunansa, ya isa hujja a kan haka. Aiki ne ya kawo shi garin, kamar yadda ya kawo baƙi da dama tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2011, kuma bayan ya sha kallon hanyar Hai Van a wayarsa sai ya yanke shawarar cewa dutse dutse ne, ruwa kuma ruwa ne. Ya samu wani matashin ɗan acaba, ya naɗa shi jagora, ya zauna ya tsara tafiyar a takarda: hawan dutse da sassafe, Zobe kafin azahar, Kurfi bayan azahar, dawowa gida kafin magariba, tare da zanen hanya da sunayen ƙauyuka da lokacin isa kowane wuri. Jagoran ya amince da tsarin gaba ɗaya ba tare da ya dubi takardar ba, sai dai ya kawo sharaɗi guda, cewa lallai Malam ya sa babbar riga da hula mai kyau, domin a cewarsa masu tsaron hanya suna ganin girman babbar riga. Malamin, wanda ya riga ya tanadi wandon kaki da takalmin sau-ciki, ya ɗauki wannan a matsayin ilimin 'yan ƙasa da bai kamata a yi jayayya da shi ba, ya fito da shaddarsa ta sallah.

Hawan dutsen bai ɗauki dogon lokaci ba, kuma ba ya bukatar dogon bayani. Lokacin hunturu ne, hazo ya sauko ya rufe ƙasa, ta yadda da suka kai sama, bayan malamin ya hau rabin hanyar da ƙafa rabin kuma da tafin hannu, babu abin da ake gani sai farin sarari da rufin kwano na gidajen da ke gindin dutsen. Jagoran bai karaya ba. Ya miƙa hannu arewa ya ce can Katsina take, ya juya yamma ya nuna Safana da dajin Rugu, ya nuna kudu ya ce ga Zobe nan, malamin kuwa yana bin yatsansa da kyamara yana ɗaukar hazo ta fuskoki uku. An ce gani ya kori ji, amma a wannan safiya ji ne ya kori gani.

A kan hanyar Zobe ne aka fara gane cewa babbar riga da babur ba a yi su don juna ba. Mai babbar riga yakan naɗe hannuwanta a kafaɗa, kuma wannan naɗi yana tsayawa ne muddin mutum yana tafiyar ƙasaita a ƙasa. Da zarar iska ta shiga, rigar takan kumbura ta baya, ta sauko ta gefe, ta nemi wurin da za ta kama. Wurin da ta samu shi ne sarƙar babur, wadda murfinta ya daɗe da cirewa, kamar yadda aka saba a baburan haya. Babur ya tsaya cik, malamin ya karkata hagu ba da son ransa ba, da ya yi yunƙurin dirowa ta dama kuma sai ƙwaurinsa ya gamu da salansa, wato bututun da hayaƙi yake fita ta cikinsa, wanda yake barin tambari iri ɗaya a ƙafar duk fasinjan da bai san gefen sauka ba. Abin da ya ba malamin mamaki, har ya rubuta shi a littafinsa daga baya, shi ne jagoran bai ko dubi ƙafar ba. Durƙusawa ya yi gaban rigar yana salati, ya warware ta daga sarƙar a hankali, ya goge baƙin man da hularsa ta kansa, sannan ya nuna wa malamin yadda zai naɗe hannun rigar ta yadda yagar za ta ɓuya a cikin ninki. Malamin ya fassara wannan da tsananin ladabi.

Zobe dai ba ta ba da kunya ba, domin ruwa ne mai faɗi wanda a ranar hazo ba a hango ɗaya gaɓarsa, kuma wanda bai taɓa ganin teku ba zai iya haƙura da shi. An gina madatsar ne don noman rani da kuma shayar da Katsina da garuruwan da ke kan hanya, amma aikin kai ruwan ya yi shekaru kusan arba'in yana jan ƙafa kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da shi a 2021, a tsawon lokacin kuwa masunta da masu lambun tumatir da albasa da tattasai ne suka fi cin moriyar wurin. Malamin ya so ya ji wannan tarihi daga bakin jagora, amma jagoran ya riga ya sauka wajen masu kwale-kwale yana cinikin tarwaɗa. Ya dawo da manya guda huɗu a cikin buhu, ya bayyana cewa duk wanda ya zo Zobe bai sayi kifi ba kamar bai zo ba ne, malamin ya biya. Ita tarwaɗa, kamar yadda masunta suka sani, kifi ce mai taurin rai da take iya daɗewa a waje da ruwa, kuma da yake bayan babur ba shi da wurin ɗaure kaya sai inda fasinja yake zaune, an ɗora buhun a cinyar malamin, inda ya ci gaba da motsi har la'asar.

Sun ratsa gari sun kama kwaltar Katsina, wadda take bi ta Kurfi, ba su yi nisa ba babur ya fara tari ya mutu. A nan ya kamata a yi bayanin rizab, wato ɗan ragowar man da ke ƙasan tanki, wanda ake buɗe wa famfo idan babban man ya ƙare domin a samu a kai gidan mai. Malamin ya ba da shawarar a juya zuwa rizab, sai aka sanar da shi cewa a kan rizab ɗin aka fito tun safe, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ɗan acaba ba ya cika tanki, kuɗin man da aka karɓa jiya kuwa an sayi goro da shi. Jagoran ya kwantar da babur a gefensa, ya buɗe tanki ya hura masa iska da baki, ya tayar da shi ya buga, dabarar da ta ƙara musu 'yar tafiya kaɗan. Sauran tafiyar zuwa teburin ɗan bumburutu, wato mai sayar da fetur a kwalba a bakin hanya, an yi ta ne a ƙasa, jagora yana riƙe da kan babur yana ba da labari, malamin yana turawa ta baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana rungume da kifi.

Akwai wani ɓangare na aikin jagoran da malamin bai lura da shi ba sai daga baya, kuma adalci ya sa a faɗe shi. Babur a wannan yanki ba abin wasa ba ne, domin a kansa 'yan bindiga suke fitowa daga daji, shi ya sa a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana goyon mutum uku, ta hana sayar da mai a jarka, ta hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi goma sha uku, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Yawan tsayawar da jagoran yake yi yana gaisawa da masu shayi da masu faci, da wayar da yake bugawa kafin kowace kwana, waɗanda malamin ya lissafa a cikin ɓata lokaci, tambaya ce yake yi ko hanya lafiya. Bai san shekarar da aka gina Zobe ba, amma ya san wanda ya wuce ta wace hanya da safe, kuma a ƙasar Katsina ta yau wannan ilimi ya fi wancan tsada.

Amfaninsa ya bayyana a wani shinge da ke gab da Kurfi. Masu tsaron wurin sun ga baƙuwar fuska da kyamara, da ƙuna a ƙafa, da buhu mai motsi, suka ce a sauko. Buhun bai ba da wahala ba, da aka kwance shi tarwaɗa ta yi wa kanta bayani. Takardar tsarin tafiya ce ta tsayar da magana, domin ga zanen hanya, ga sunayen ƙauyuka, ga lokuta, a yankin da kowa yake tsoron infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Malamin ya fara bayani daga Biyetnam, abin da bai taimaka ba ko kaɗan. Jagoran ne ya matso, ya gaida babban cikinsu da sunan unguwarsu, ya tambayi jikin gyatumarsa, sannan ya ce: "Ranka shi daɗe, malami ne, ba shi da illa. Karatu ne ya yi masa yawa, teku yake nema." Aka dubi malamin da tausayi, aka mayar masa da takardarsa, aka rage kifi ɗaya.

Kurfi gari ne na Maraɗin Katsina, sarautar da Alhaji Amadu Kurfi, sakataren hukumar da ta gudanar da zaɓen 1979, ya riƙe, kuma malamin ya yi niyyar ganin ƙofar fada da kasuwa. Babur bai bi ta ko ɗaya ba. Ya kutsa lungu ya tsaya a ƙofar wani gida inda aka shimfiɗa tabarmi, dattawa suna zaune da alamar sun daɗe suna jira. Jagoran ya gyara wa malamin ninkin riga, ya karɓi buhun kifin ya haɗa da ƙullin goron da ya fito da shi daga ƙarƙashin kujerar babur, ya durƙusa ya ce: "Baba, ga Malam ɗin da na ce zai zo." A nan ne ma'anar babbar riga ta fito fili. Yaron yana neman aure a gidan, an ce ya turo manyansa, manyan nasa kuwa sun ƙi motsawa sai ya biya wani tsohon bashi, don haka ya nemi babban mutum a inda ya samu, ya kuma samu wanda zai biya kuɗin mai.

An zaunar da malamin a kan buzu, aka kawo fura, aka tambaye shi halin yaron. Mutumin da ya saba hana ɗalibai faɗin abin da ba su da hujja a kansa ya duba hujjojin da ke hannunsa, ya shaida cewa yaron yana da sanin mutane, yana da tattali, ba ya kuma barin abin da ya sa gaba, dattawa suka gyaɗa kai suka ce haka suke so. Kafin a shafa fatiha rana ta yi ja, jagoran ya yi waya ya ce ba a bin hanya yanzu, saboda haka tafiyar yini guda ta ƙare da kwana a zaure, da man kaɗanya a ƙwauri.

Washegari da suka isa Dutsin-Ma aka zauna lissafi, inda jagoran ya nemi ƙarin kuɗin yini na biyu, malamin kuma ya nemi a cire kuɗin kifi da goro, aka daidaita a kan kowa ya bar wa kowa. Telan da aka kai wa shaddar ya duba yagar ya ce ba ta ɗinkuwa, sai dai a rage ta a fitar da 'yar shara. Malamin bai amince ba tukuna, domin an riga an aiko masa daga Kurfi cewa an sa ranar kai kuɗin gaisuwa, kuma dattawan sun ce ba za su karɓa daga hannun kowa ba sai nasa.