Yadda Koshi Ya Jawo Mini Rubutun Sha

Jarrabawar digiri na biyu ta matso, sai na tattara littattafaina daga Samaru na tafi gida Nasarawan Doya, wai in samu shiru. Darasin da ya hana ni sakat shi ne na gaurayayyun lambobi, masu ɗauke da i, lambar nan da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ɗaya ƙasa da sifili. Ni kuwa tun makarantar allo ba na iya hadda sai da ƙarfi. Cikin dare Inna ta riƙa jiyo ni ina zagaya ɗaki ina kiran Koshi. Da safe ta shiga shara ta tarar da takardu duk da'irori, da wata doguwar alama mai zobe a ƙugu. Ba ta ce uffan ba. Bayan la'asar aka ce Baba na nemana a zaure, na iske shi da Malam.

"Wane ne Koshi?"

"Allah gafarta Malam, Bafaranshe ne, ya rasu tun 1857."

"Ya rasu, kake kiransa da tsakar dare?"

Don in wanke kaina, na ɗauko tambayar da Kardano ɗan Italiya ya buga a 1545: a raba goma gida biyu, in an ninka su a samu arba'in. Malam, wanda shi ke wa unguwarmu rabon gado, ko ƙasa bai zana ba ya ce biyar sau biyar ashirin da biyar, nan ne iyaka. Kuma gaskiyarsa, in dai lambobin ƙirga buhu ne. Na ce ai akwai amsa, sai dai da tushen sha biyar ƙasa da sifili a cikinta. Ya miƙo mini gyaɗa ya ce in ware masa ita ya gani.

Sai na koma ga abin da na fi ƙwarewa a kai, ƙa'idar Koshi ta 1825: in lissafin lafiyayye ne, babu rami a tsakiya, ka zagaya ka dawo inda ka tashi, jimilla sifili ce. Har gumi nake don jin daɗin bayanin.

Baba ya gyara zama. "Wato raken da na sayar na biya maka makaranta, sifili ya sayo? Dokin masu mazarƙwaila ma zagaye yake wuni, amma da yamma a ga abin sayarwa."

Na ce in akwai rami ana samun saura, a ninka shi da 2πi. Malam ya ce, "Lambar nan ta dawo ke nan." Aka kawo ƙwarya, na shanye rubutu tas.

Jarrabawa dai na ci, da ƙyar, kuma har gobe Inna na cewa aikin Malam ne. Ɗalibin lissafi, in za ka yi hadda a gida, ka yi ta a zuci.