Zuwa ga Taubashina, Sarkin Loman Sabuwa: Farin Kabeji Bai Yi Maka Laifi Ba

Gaisuwa mai yawa zuwa ga ɗan gwaggona, taubashina na Sabuwa, Sarkin Loma, dodon akushi, wanda ba ya amsa sallama sai malmala ta uku ta wuce maƙogwaro. Ina gwaggo da ƙafa? Ina iyali da haƙurin zama da kai? Allah Ya ba su lada, don sun cancanta.

Labari ya iso mini, kuma ba daga bakin mutum ɗaya ba, cewa direban da ke kwasar maka masara zuwa kasuwar Dandume ya kawo maka tsarabar farin kabeji daga Jos. An ce ka juya shi sama, ka juya shi ƙasa, ka tambaya ko sabon irin auduga ne da za a kai Funtuwa a gurza. Da aka ce maka ci ake yi, uwargida ta ba da shawarar a turara shi, ka ce kai ne mai gida, a zuba ruwa cikin tukunya, a jefa kanwa, a bar shi ya nuna. Aka ɗora da la'asar, ba a sauke ba sai da aka kira magariba. Gida ya ɗauki wari, maƙwabta suka fara leƙe ta katanga suna tambaya ko lafiya. Kai kuwa washegari ka hau benci a majalisa ka yanke hukunci: wannan abincin Nasara ne da tumaki. To, taubashi, na zo ɗaukaka ƙara, domin wanda ya kamata a gurfanar shi ne ya zauna a kujerar alƙali.

Mu fara da maganar Nasara. Asalin farin kabeji yankin Bahar Rum ne, kuma tun a ƙarni na 12 masanin noman nan na Andalus, Ibn al-Awwam, mutumin Ishbiliya, ya ambace shi a littafinsa na aikin gona, Kitab al-Filaha. A 1822 aka kai shi Indiya, yau kuwa Indiya da Sin ne ke noma fiye da rabin na duniya. Indiyawa suna haɗa shi da dankalin Turawa da kurkum su yi abincin da suke kira alu gobi, talaka da mai kuɗi kowa na ci. Kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka a gidan kallo kana kuka idan an kashe jarumi, ashe ba ka taɓa duba abin da ke cikin kwanonsu ba. Sannan ba baƙo ba ne a gidanka. Shi da kabejin da ake yanka maka a kan tsire iri ɗaya ne a wurin masana tsirrai, bambancin kawai shi ne na kabeji ganye ake ci, na wannan kuwa dunƙulen furen da bai kai ga buɗewa ba. Farin nan da ya ruɗe ka, ganyensa ne ke rufe shi daga rana, wani lokaci ma manomi ne ke tattaro ganyen ya ɗaure a kansa. Sanyi yake so, shi ya sa ya fi samun kansa a tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, daga can ya sauka kasuwar Farin Gada, ya bi mota zuwa irin su 'Yankaba a Kano. Doguwar tafiya ya yi kafin ya faɗa hannunka, ka yi masa wannan wulaƙanci.

Yanzu ga abin da ke cikinsa, ka gyara zama, na san lissafi ba ya yi maka daɗi sai na buhu. A ƙididdigar Ma'aikatar Noma ta Amurka, giram 100 na ɗanyen farin kabeji yana da kalori 25 kacal, kashi 92 cikin ɗari ruwa ne, abin da ke komawa suga a jiki bai wuce giram 5 ba, kitse kuwa kusan babu. Garin masara mai wannan nauyi yana da kalori wajen 360, dafaffiyar farar shinkafa kuma wajen 130. Ga mutumin da ma'aikacin lafiya ya ce ya rage tumbi, ya lura da suga da hawan jini, wanda kuma zariyar wandonsa ta daɗe tana neman agaji, wannan abu ne da zai cika ciki ba tare da ya ƙara kaya ba. Akwai giram 2 na harzar nan da ke sa hanji aiki, maganin daɗewar da kake yi a bayan gida har yara su ɗauka ka tafi gona.

Babbar dukiyarsa bitamin C ce: miligiram 48 a giram 100. Lemon zaƙi 53 gare shi, kabejin da ka sani kuma wajen 37. Ka ga ke nan ya kusa kamo lemo. Wannan bitamin ita ke taimaka wa rauni ya warke, ta riƙe dasashi, ta ƙarfafa garkuwar jiki, ta kuma sa jiki ya fi tsotse sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, wanda shi ne ke gina jini. Tuwon masara ba shi da ita, tsire ba shi da ita, balangu ma haka, wato manyan aminanka uku duk hannu rabbana suke. Akwai kuma folet, dangin ƙwayar folik asid ɗin nan da ake ba mata a awon ciki, ga bitamin K mai taimaka wa jini ya daskare idan an yanke, ga fotashiyam wajen miligiram 300 mai amfani ga bugun zuciya da daidaita jini.

To me ya kawo warin da ya tayar da unguwa? Farin kabeji da danginsa suna ɗauke da wasu sinadarai masu farar wuta a ciki. Idan an yanka ko an tauna, sukan rikiɗe su zama abubuwan da masana ke ta bincike a kansu saboda alamun kariya ga jiki. Idan kuwa aka azabtar da shi a wuta, farar wutar ce ke tashi ta bi iska, hancin maƙwabta ya sha. Bitamin C da folet kuma ruwa suke bi, zafi yana lalata su. Duk minti ɗaya da ya ƙara a tafasasshen ruwa, amfaninsa na fita, ka tsiyaye ruwan ka zubar a kwata, ka zauna kana cin saura. Kanwa ta zo ta ƙarasa aikin, domin tana kashe bitamin C da wasu daga cikin bitamin B. Ba farin kabeji kaɗai take yi wa haka ba, har zogale da rama da alayyafo, sai dai wannan magana a faɗa wa gwaggo a hankali, ni ba zan iya da ita ba.

Ga yadda ake yi, ka miƙa wa uwargida takardar nan, kai kuma ka koma gefe ka yi shiru. Da farko a zaɓi mai tauri, fari tas, dunƙulen a haɗe, ganyen kore shar, ba mai ɗigon baƙi ko laushi ba. Inda babu firiji kada ya wuce kwana biyu ko uku. A ɓantare shi reshe-reshe, a jiƙa a ruwan gishiri minti goma don tsutsa da ƙwari su fito, a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Kada a zubar da karan da ganyen, su ma ana ci, kuma kuɗi aka sa aka saya, ko da yake ba naka ba.

Hanya mafi kyau tana nan a madafin gidanka tun kafin a haife ka: madambaci. A ɗora shi a kan tafasasshen ruwa, a rufe, minti biyar zuwa bakwai. A soka tsinke, in ya shiga amma bai ratattake ba, a sauke. Haƙori ya ji ɗan garas-garas, wannan ita ce alamar yana da sauran rai. Daga nan sai kwaɗo: dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, ɗan attaruhu, a matsa lemon tsami, a ɗiga man gyaɗa. Na ce a ɗiga, ban ce a tuttula ba. Wanda ya iya cin kwaɗon zogale ba shi da hujjar ƙin wannan.

Ana kuma soya shi sama-sama. Cokali ɗaya na mai, albasa, tafarnuwa, citta, ɗan kurkum, a zuba shi a riƙa juyawa minti biyar, a yayyafa ruwa kaɗan a rufe ya ƙarasa. In an fasa ƙwai a kai, an gama karin kumallo. Abin da ba a so shi ne a tsoma shi a ƙullu a nutsar a kaskon mai kamar ƙosai, don nan kalori 25 ɗin nan sai ya haifi 'ya'ya da jikoki.

Tunda na san zuciyarka tana wurin mai tsire, ga hanyar da za ta yi maka daɗi. A shafa wa manyan yanka ɗan mai da yajin ƙuli, a jera a kan waya bisa garwashi, a juya har gefensa ya yi ja. Gashi yana fito da ɗan zaƙin da ke cikinsa. In ka ga dama ka tsira shi a tsinke, yanka ɗaya na nama, biyu na farin kabeji, ka yaudari kanka da kanka, ba wanda zai kai ƙara.

A faten tsaki ko miyar taushe kuwa, sai an kusa saukewa ake zuba shi, minti biyar na ƙarshe. Alherin wannan hanya shi ne abin da ya fita ya shiga romo, romon kuma cikinka zai tafi, don ban taɓa jin ka rage ba. Mai ciwon suga yana iya gurza shi ƙanana, a haɗa da tsakin dambu rabi da rabi, ko a gauraya da shinkafa. Kwano ya cika yadda ido ke so, nauyin da ke kan jiki ya ragu. A kula da gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen da ake marmasawa a miya yana cikin lissafi. Daddawa da citta da tafarnuwa suna ba da ɗanɗano ba tare da sun tayar da jini ba.

Sai gargaɗi, don kada gobe ka juya ka zama mai tallarsa a majalisa, na san halinka, ba ka da tsakiya. Farin kabeji abinci ne, ba magani ba. Ba ya warkar da ciwon suga, ba ya warkar da daji, kuma wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya kada ya ajiye ta saboda kwaɗo. Yana sa kumburin ciki da iska ga wanda bai saba ba, saboda wani nau'in suga da hanji ba ya narkarwa sai ƙwayoyin cikinsa sun yi aiki a kai, irin wanda ke cikin wake. A fara da kaɗan, musamman kai da kake son sahun gaba. Mai maƙoƙo ko matsalar da ta shafe shi kada ya dimanci cinsa ɗanye da yawa, dafawa tana rage abin da ake gudu, gishiri mai aidin kuma yana taimakawa.

Kuma kada tsadarsa ta sa a ɗauka ya fi na gida daraja. Zogalen da ke jikin dangarka ya fi shi sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, ya fi shi na ƙarfe da na ƙashi, ga bitamin A mai gyara ido, wadda farin kabeji kusan ba shi da ita. Alayyafo, rama, yakuwa, kabewa da karas kowanne da abin da ya fi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema shi ne giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana, iri daban-daban. Kafin ka fara ƙirga da yatsu, dankali da rogo ba sa cikin lissafin, rake ma da kake shanye sanda guda a zaune ba ya ciki, haka yankan albasa biyun da ke kan tsire ba su kai a kira su ganye ba. In farin kabeji ya samu, madalla. In bai samu ba, ɗan'uwansa kabeji yana nan da araha lokacin sanyi, kuma duk dokokin nan sun hau kansa: wuta kaɗan, ruwa kaɗan, babu kanwa.

Ni da kai mun san ƙasar Sabuwa ba ta rowa. Mutumin da ke cika rumbu da masara har ya sayar wa 'yan kudu bai kamata a ce kwanon gidansa fari fat ba ne daga tuwo sai tuwo. Ka ware 'yan kunya a fadama, ka sa kabeji da karas da alayyafo idan hunturu ya kama. In kana da ƙarfin hali ka nemi irin farin kabejin da ke jure zafi, wanda Indiyawa suka fitar, ka gwada, ko ka samu abin fahariya na gaskiya.

Saura magana ɗaya. Watan cika-ciki na tafe, na kuma san tun yanzu ka fara wanke hula don zuwa karɓar kuɗin shara. Bana ko sisi ba za ka gani ba. Na yi magana da masu kayan gwari, dunƙule biyu za a kawo maka, manya. Uwargida ce za ta turara, gwaggo ce shaida, kai kuma za ka cinye a gabana. In ka ce babu daɗi, na yarda a ninka maka kuɗin baɗi. In kuwa na kama ka kana suɗe kwano, kai za ka biya ni, kuma a majalisa za ka janye hukuncinka da bakinka. A gaida gwaggo, a ce ta ɓoye kanwar.