Wa Ya Aike Ka Murɗawa?

Na sani, tun ban buɗe baki ba wasunku sun fara taɓe nasu. Madubin bindiga? A Tama? Ga malamin makaranta can ya gyara zaman tabarau yana cewa lalle an rasa abin rubutu. Ga Alhaji mai albasa yana tambaya ko madubin zai ƙara wa buhu daraja a Galmi. To ku gyara zama. Ku da kuke raba dare kuna gardamar wane babur ya fi wani hawan dutsen Buza, alhali rabinku ko keke ba ku ajiye ba, ba ku ne za ku hana ni maganar madubi don bindigar da na taɓa riƙewa ta aro ce ba.

Ɗan ƙanwata ne ya jawo zancen. Kun san mu Adarawa da cin rani: da an cika rumbu sai tasha, wani Abijan, wani Libiya, wani Legas, kuma ba mai dawowa hannu rabbana. Wasu rediyo suke kawowa, wasu katifa. Shi nawa madubin saiti ya ciro daga ƙasan jaka, a naɗe cikin tsohuwar riga kamar jariri, ya ɗaura wa wata bindigar iska da ya gada wurin abokinsa. A jikin madubin an rubuta 3-9x40.

"Kawu, wanga ba irin na tsofaffi ba ne," in ji shi. "Murɗa shi akai. In ka kai shi tara, ƙudan da ke bisa kunnen jaki a ƙetaren gulbi sai ka gane mace ne ko namiji."

Bari in fassara muku rubutun, tunda na ga malamin makaranta ya fara leƙowa. Lambar ƙarshe, 40, faɗin gilashin gaba ce da milimita. Na farkon kuwa, 3 zuwa 9, su ne ninkin da madubin yake jawo abu kusa. A kan 4, dabbar da ke mita 200 za ta zo maka kamar tana mita 50. Madubin da aka rubuta masa 4x32 ko 6x42 shi ne tsayayye, yadda maƙeri ya bar shi haka zai tsufa. Wanda aka rubuta masa lamba biyu da ɗan jan layi a tsakani shi ne mai murɗi: akwai zobe kusa da ido, kana juya shi wasu gilasai a ciki suna matsawa gaba da baya. Gardamar duniya duka a kan wannan zoben take, daga Amurka har Jamus, kuma ga ta yau ta sauka a kwarin Majiya.

Washegari da sassafe muka bi layin dogon yaro. Wanda bai san wurin ba, tun 1975 aka fara dasa waɗannan itatuwa a kwarin nan tare da ƙungiyar CARE don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona, layi biyu-biyu, tsakanin wannan shinge da na gaba kimanin mita 100. Masu dashen ba su yi don maharba ba, amma sun bar mana ma'aunin nisa kyauta: in ka tsaya a wannan layi, ka san wancan ɗari ne. Muna cikin tafiya sai zomo ya yi tsalle daga gindin sabara, bai fi taki ashirin ba, ya ɗan tsaya ya miƙe kunne kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Yaro ya kai bindiga kafaɗa. Na ga hancinta yana lilo, dama, hagu, sama, ƙasa. Zomo ya gaji da jira ya kama gabansa.

"Mi ka gani?" na ce.

"Ganye, Kawu."

Tun daren jiya zoben yana kan 9, inda ya bar shi bayan ya gama burge samarin unguwa. A ninki tara, abin da irin wannan madubi yake nuna maka a mita 100 faɗinsa kimanin mita huɗu ne kawai. Sauko da shi taki ashirin, sai ya koma bai kai mita ɗaya ba. Wato ka leƙa duniya ta ramin kara. Da yana kan 3, da ya ga fili kusan ninki uku na wannan, da zomo da sabarar da hanyar da zai bi. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu ranar gudun kaɗai muka ci, shi ma da ido.

Na ji wani daga baya yana cewa ai laifin yaro ne, madubi bai yi komai ba. Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma ka taimake ni ba ka sani ba. Tsayayyen madubi ba ya ba ka damar yin wannan laifin. Mai murɗi kuwa kullum yana maka raɗa a kunne: ƙara kaɗan, ƙara kaɗan. Ɗan Adam da zobe a hannu, yaushe ya taɓa barinsa a ƙasa? Dubi yadda kuke yi da rediyo a gidan biki.

Kuma abin da ba a gaya wa mai saye shi ne, madubi ba dabba kaɗai yake ninkawa ba. Rawar hannunka ma ninki tara take zama. Bugun zuciyarka, numfashinka bayan ka hau tudu, shayin da ka sha da asuba ba ka ci komai ba, duk za ka gan su suna rawa a kan giciyen saiti. A watan Afrilu, in rana ta take a kan fako, ƙasa tana fitar da kawalwalniya, to madubi mai ƙarfi ita zai tara maka, dabbar ta riƙa narkewa kamar man shanu a kasko. Ga kuma lissafin haske: raba faɗin gilashin gaba da ninkin, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke isa idonka. 40 a raba 4, milimita 10. 40 a raba 9, huɗu da 'yan kai. Ƙwayar idon saurayi a duhu tana buɗewa wajen milimita 7, ta dattijo ba ta kai haka. Shi ya sa maharban Turai masu dako da almuru suka daɗe da son 6x42 da 8x56, duka biyun bakwai suke bayarwa. Da goshin magariba, lokacin da naman daji ke fitowa, wanda ya murɗa zuwa ƙarshe ya rage wa kansa fitila da hannunsa.

Da muka koma gari sai na ja yaron wurin wani tsohon maharbi, abokin mahaifina, wanda yanzu gwiwa ta zaunar da shi. Ya karɓi madubin, ya juya shi, ya leƙa ta baya, ya leƙa ta gaba, ya yi dariya har da tari. Sannan ya aiki jikarsa ɗaki ta ɗauko masa wani abu a cikin tsumma: kan burtu ne, baki ya dushe, igiyar fatar da ake ɗaurawa a goshi ta bushe ta yi tauri. Da shi yake sanɗa a zamaninsa. Ya durƙusa, ya lulluɓa baƙin zane, ya riƙa sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsun yana kiwo, iska tana bugun fuskarsa, har ya shiga tsakiyar zabin daji ba su ankara ba.

"Ɗana," ya ce da yaron, "kai kana jawo nama da gilashi, ni da gwiwa nike jawo shi. Nawa in ya zo kusa, ya zo. Naka ko yana can inda yake."

Nan ne maganar take, ku masu taɓe baki. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Madubi yana kawo hoto, harsashi kuwa sai ya yi tafiyar da ƙafarsa, iska ta tura shi, nauyinsa ya ja shi ƙasa. Adakar da maƙeranmu ke yi, da albarushi da 'yan ƙwayoyin darma, in ta wuce taki arba'in sai addu'a. Bindigar iska ma haka. Ka ɗaura wa irin waɗannan madubi mai ninki tara, ka yi wa jaki sirdin Sarkin Gobir. A kan adaka ma har da haɗari, domin in ido ya matso kusa da gilashi ta yi harbin baya, gira ce za ta biya, kuma tabon da zobe ke bari ba ya ɓuya a sallar Juma'a. Ita kuma bindigar iska mai sifirin tana da wani mugun hali: tana girgiza baya ta girgiza gaba, har madubin da ya jure babbar bindiga sai ta kwance masa ciki.

Kada ku ce tsofaffin ƙauye kaɗai na samu su goya mini baya. A yaƙin duniya na biyu, madubin PU da sojojin Rasha suka ɗaura wa bindigar Mosin ninki uku da rabi ne, tsayayye. Simo Häyhä, manomin Finlan da ya addabi Rashawa a sanyin 1939 zuwa 1940, ko madubin bai yarda da shi ba, da saitin ƙarfe ya yi aikinsa. A Amurka kuwa, Weaver K4, mai ninki huɗu cak, ya shafe shekaru gommai yana cika tukwanen maharba da naman barewarsu tun daga shekarun 1940. Su ma can sai daga baya 3-9x40 ya mamaye kasuwa.

Yanzu bari in ba ku naku, kada Alhaji ya ce na danne awo. Mai murɗi na kirki abu ne mai kyau. Na da can ana zarginsu da cewa in ka juya zobe saiti ya gusa, ruwa ya shiga, gilashi ya yi gumi. Manyan kamfanoni sun magance yawancin wannan, suna cika cikin da iskar naitirojin su toshe. Wanda ke farauta yau a kwazazzabo gobe a fili, ko dattijon da ido ya fara gajiya, ko mai gyaran saiti a kan takarda, duk zoben yana musu rana. Mai 2-7 ma in ka sauke shi ƙasa ya fi tsayayyen 4 faɗin gani. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, na kirkin ne ke zuwa mana a ƙasan jaka? Wanda kuɗin cin rani ke saya shi ne na tebur, mai kwali mai hoton zaki. In kuɗi ɗaya ne, tsayayye ya fi samun gilashi mai kyau, don ba a kashe kuɗin a kan zobe da ƙarin gilasai ba. Kuma duk abin da ke juyawa ƙofa ce. Ku da kuka san hazon hunturu a Adar, wanda ke shiga cikin tukunya a rufe, ya shiga tsakanin haƙora, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗaura shi a bayan babur daga Tama zuwa Madawa ka dawo, sannan mu yi magana.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. Mai zobe yana saurin mai da madubinsa abin leƙe: ya ga motsi a nesa, ya ɗaga bindiga ya murɗa don ya gane mene ne. To dajinmu ba kango ba ne. Motsin nan yarinya ce mai itace, ko ɗan Fulani a bayan tumaki, ko Buzu ya sauka yana ɗaure wa raƙumi dabaibayi. Mai son leƙe ya sayi madubin hannu ya rataya a wuya.

Saura ku na ƙarshe, masu murmushin mugunta, da kuke jira in gama ku ce: to me ma ya rage da za a harba? Kun fi kowa gaskiya, shi ya sa na fi jin haushinku. Barewar da tsohon nan ke ba da labari ta zama tatsuniya a wajenmu. Mai son ganinta sai ya nufi gandun Gadabeji, can kuma ko kunamar bindiga ka shafa ka kwana a hannu. Fari da gatari da yawan gona sun cinye dajin. Ɗan abin da ya farfaɗo, aikin Keita ne da aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO, inda mata, mazansu suna can cin rani, suka yi ta haƙa ramuka da jera duwatsu a kan tuddai har itace ya sake tsayawa, zomo da fakara suka sami maɓuya. Wato mata suka dawo da daji da gumi, maza suka dawo da madubi a jaka. Kuma dokar farauta ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, tana nan da ranta: akwai takardar izini, akwai lokacin buɗewa da na rufewa, akwai dabbobin da ba a taɓawa. Ita bindigar kanta da takardarta daban. A wannan zamani na rashin kwanciyar hankali a bakin iyaka, ka ratsa shingen jandarma da bindiga mai madubi ba takarda, za ka yi bayanin da ko ninki tara ba zai hango ƙarshensa ba.

Shi dai yaron bai saduda ba, ya ce madubinsa ya fi burtu ko ana ha-maza ha-mata. Tsoho bai musa ba. Ya sa aka yanko masa robar tayar keke, ya mai da zoben kan 4, ya naɗe shi tam, ya ƙulle da haƙori, ya miƙa masa.

"Jika guda kuɗin gyara," ya ce. "In ka kwance, jika biyu."