Siyasar Teburin Mai Shayi a Takardar Jarrabawa

Mu dai a unguwar nan kowa farfesan siyasa ne. Bayan sallar isha'i a teburin mai shayi, har wanda bai taɓa buɗe kundin tsarin mulki ba zai faɗa maka abin da ya kayar da jamhuriya ta farko. Yaranmu kuwa suna gefe suna ji, kuma abin da suka ji shi suke kwasa su kai wa WAEC da NECO a takardar Gwamnati.

A ce wa yaro ya bayyana abin da tsarin mulkin Richards na 1946 ya kawo. Sai ya faro daga "tun kafin zuwan Turawa", ya biyo ta kan Lugard da haɗe Kudu da Arewa a 1914, ya cika shafi guda da tsinar mulkin mallaka. Lokaci ya ƙare, bai ko ambaci majalisun yankuna uku ba, Arewa da Yamma da Gabas. Ai gado ne! Mu ma a tambaye mu kuɗin buhun taki, sai mun faro daga zamanin Sardauna.

Mai duba takarda kuwa ba ɗan majalisarmu ba ne. Zafin baki bai dame shi ba, batu-batu yake ƙirga maki. Shi ya sa yarinyar da ba ta cewa uffan in ana musu, ita ke lashe su. Ta karanta tambaya sau biyu, ta lura ko lissafowa aka ce ta yi ko bayani. Kowane batu ta ba shi sakin layinsa, ta ɗaure shi da suna da shekara: Clifford 1922, zaɓen kujeru uku a Legas da ɗaya a Kalaba; Lyttelton 1954, tsarin tarayya; 1979, shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Shi ke nan, ba kwalliya.

Ga kuma ciwonmu na ɗaukar ɓangare. A tambayi bambancin NEPU da NPC, jikan ɗan Sawaba ya zuba kirarin Malam Aminu Kano, jikan hakimi ya rama wa Sardauna. Kowa ya kare gidansu, tambaya na nan zaune ba a taɓa ta ba.

Don Allah Alhaji, don Allah Malam, jarrabawa ta matso. A kore su daga teburin shayi, a nemo musu tambayoyin shekarun baya su riƙa amsawa, agogo na gabansu.