Mutanen da Kebul Ke Tona wa Asiri

Tun 2015, da hukumar JAMB ta yi bankwana da jarrabawar takarda da fensir, duk yaron Rabah ko Wurno ko Goronyo da ke neman shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfutar da aka ɗaure da kebul. Hukumar ba ta yarda cibiyar jarrabawa ta haɗa kwamfutocinta ta iska ba, kuma hujjarta a fili take: kwamfuta 250 a zaure ɗaya, kowa na danna amsa lokaci guda, ba abin da ke ɗaukar wannan nauyi kamar igiyar da aka ja daga kowane tebur zuwa akwatin rarrabawa. A can kebul lafiya lau yake aiki, don akwai ido a kansa, wanda ya taɓa shi kuwa sakamakonsa ya taɓa. To, ɗauki wannan kebul ɗin ka kai shi ɗakin kwanan ɗalibai a Sakkwato ko Zariya, ka maƙala soket a bango, ka juya baya. Kafin zango ya ƙare za ka ji ana cewa netwok ɗin makaranta ba shi da kyau. Ni kuwa na ce kebul bai sake hali ba. An dai bar shi ne ba mai shi, a hannun mutane iri-iri, kowa da irin ɓarnarsa.

Aikin kansa bai kai a kira shi aiki ba. Tsarin da ake kira Ethernet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox a Amurka a 1973, a yau ya dawo silin tagulla takwas da aka murɗe bibbiyu cikin roba, masu kai saƙo har mita 100. Ka tura kan kebul cikin kwamfuta sai ya ce ƙas, ka tura ɗayan a bango, 'yar fitila ta kama, na'urar makaranta ta ba kwamfutarka lambar adireshi da kanta. Shi ke nan. Wanda ya iya saka cajar waya ya iya wannan.

Amma sauƙin nan shi ke ɓata wa Injiniya rai. Injiniya ɗan aji ɗaya ne, sau da yawa ma ba fannin kwamfuta yake karanta ba, sunan kawai ya bi shi tun ranar da ya cire wa wani batir ya mayar. Bai yarda abu ya yi aiki ba tare da ya sa hannu ba. Da ya ga fitila ta kama sai ya ce, "Tsaya, aboki, wanga saitin bai yi ba." Ya shiga cikin kwamfutarka ya goge adireshin da aka ba ta, ya rubuta wanda ya kwafo daga ta maƙwabcinka. Yanzu kwamfuta biyu na amsa suna ɗaya, saƙon wannan na zuwa wurin wancan, ku biyun kun rasa intanet, shi kuwa ya sami marasa lafiya biyu maimakon ɗaya. In kan kebul ya lalace, shi ke ɗaura sabo, da reza da haƙori. Silin nan takwas suna da jerin launi da ba a saɓa masa, kuma gudun gigabit sai dukkansu sun taɓa. In huɗu kaɗai suka kama, gudun ya faɗo zuwa megabit 100, kashi ɗaya cikin goma ke nan. Injiniya zai duba, ya girgiza kai, ya ce daga sama aka rage.

Ƙaninsa shi ne Mai Ƙarfi, wanda ya yi imani duk abin da ya ƙi shiga turawa ce ba ta isa ba. Kaddara ta sa kan USB na shiga ramin kebul daidai wa daida a faɗi, don haka yakan cusa filashinsa can ya zauna jiran fim. Shi ke fizge kebul ba tare da danna ɗan harshen robar da ke riƙe shi ba, harshen ya karye, daga ranar kuma sai an soka tsinken ashana kafin ya tsaya.

Duk da haka ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne Mai Tsafta, mutumin kirki, mai share ɗaki tun da asuba. Yana shara sai ya ga kebul kwance a ƙasa, kai ɗaya a bango, ɗayan na cin ƙura, ga kuma soket na biyu ba kowa. Zuciyarsa ba ta jure ganin abu a yashe, sai ya ɗaga ya cusa shi can, ya karkaɗe hannu. Abin da ya ƙulla zobe ne. Saƙon da akwatin rarrabawa ya aika ta wannan rami sai ya dawo masa ta wancan, ya sake aikawa, ya sake dawowa, cikin daƙiƙu kaɗan duk fitilun akwatin na ƙiftawa tare, bene guda ya mutu. Wata injiniya 'yar Amurka, Radia Perlman, ta samo maganin wannan zobe tun 1985, amma akwatunan araha da ake sayowa don rage kuɗin kwangila galibi ba su da shi. Ana can ana zagin gwamnati, Mai Tsafta na cikin masu tayawa, da zuciya ɗaya, don har ga Allah bai san shi ne ba.

Ɗan Kasuwa kuwa ya sani sarai. Shi da ya ga soket, shago ya gani. Ya sayo 'yar rawta, ya jona, ya fara sayar da lambar sirri ga waɗanda kwamfutarsu ba ta da ramin kebul, da masu waya, da baƙin da suka zo kwana. In ya jona daidai, ɓarnarsa cunkoso ce kawai. In ya kuskure rami, ya sa kebul ɗin bango inda ba nan ba, rawtarsa ta fara raba adireshi ga duk ginin, tana gasa da na'urar makaranta, rabin ɗalibai su karɓi adireshin da ba ya kaiwa ko'ina. Babban kwastomansa Mai Haɗama ne, wanda ke sauke fim ɗin Indiya mai kashi ɗari daga Isha'i zuwa Asuba, daidai daren da na kusa da shi ke fama da tura aikin digiri. Manomin shinkafa na fadamar Wurno ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan: ruwan da ke gangarowa daga madatsar Goronyo na kowa ne, amma in na sama ya fasa kwalbati ya karkatar zuwa gonarsa, na ƙasa sai kallo, kuma ba a taɓa warware irin wannan rigima da wa'azi kaɗai ba, sai da wanda aka ɗora wa rabon ruwa.

Mai Shanya bai da dogon labari. Ya ga igiya mai ƙarfi daga taga zuwa taga, ya rataya jallabiya. Haka Mai Aro, wanda ya karɓi 'yar mahaɗar USB ɗinka, tunda siraran kwamfutocin yanzu ba su zuwa da ramin kebul, ya ce minti biyar, har aka yi bikin yaye ɗalibai. Wanda ya fi su yawa, kuma ya fi su tsada, shi ne Mai Haƙuri. Kwamfutarsa ta nuna adireshin da ya fara da 169.254, alamar ta yi sallama ba wanda ya amsa, abin da ma'aikaci zai gane cikin minti guda. Mai Haƙuri ba zai kai rahoto ba. Zai ce, "Haka ƙasar take," ya zare kebul, ya koma sayen data.

Za a ce, to ai gara hakan, kowa ya riƙe wayarsa, wa ke ta kebul a wannan zamani? Mutumin gabashin Sakkwato ya fi kowa sanin raunin wannan magana. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo, aka ga yadda abin da ke aljihu ke zama fitila kawai cikin dare ɗaya. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, ɗan manomin albasa ne zai biya. Ginin da aka haɗa da kebul, ko intanet ta ɗauke, yana iya kaiwa ga littattafai da laccocin da aka ajiye a na'urar makaranta. Masu cewa a sa Wi-Fi a huta su ma suna da gaskiya rabi: a zangon iska na 2.4 GHz da yawancin ƙananan na'urori ke amfani da shi, hanyoyi uku ne kacal ba su hawan juna, ga bangon bulo, ga ɗaruruwan wayoyi. Kuma ita iskar a kan igiya take zaune. Ranar 14 ga Maris 2024, da manyan kebul huɗu suka lalace a ƙarƙashin teku daura da gaɓar Kwaddebuwa, har bankunan Najeriya sun ji a jikinsu.

Ƙorafin wuta ya fi nauyi, ban kuma raina shi ba. In NEPA ta ɗauke, akwatin rarrabawa ya mutu tare da fanka. Sai dai cinsa bai kai na dutsen guga ba, nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, faifan sola da batir ɗaya sun ishe shi. Saura ƙorafi ɗaya, wanda wannan jeri nawa ya ba wa makami: tunda ga halin ɗalibai, ashe ba su cancanci a ja musu kebul ba. Amma a duba jerin da kyau. Akwatin da ake iya saitawa yana toshe zoben Mai Tsafta da kansa, yana hana rawtar Ɗan Kasuwa raba adireshi, yana yanka wa Mai Haɗama rabonsa. A yi wa kowace kwamfuta rajista, Injiniya ya rasa adireshin sata. A bi bango da bututu, Mai Shanya ya nemi igiya a kasuwa. Mai Haƙuri ma zai yi magana in an manna lambar ma'aikaci a ƙofa, kuma in ya kira aka ɗauka.

Wannan ya kawo mu ga mutum na ƙarshe a jerin, wanda ba ɗalibi ba ne. Shi ne Mai Makulli. Ya ja kebul, ba lamba a soket ko ɗaya, ba takardar da ke nuna wace igiya ta tafi wane ɗaki. Ya kulle akwatin a kabad, aka yanke kyalle, aka ɗauki hoto, aka biya shi. Ƙurar hunturu ta cika ramukan, ɓera ya gwada haƙorinsa a kan roba, kalmar sirrin akwatin na cikin kansa, makullin kabad na cikin aljihun wata babbar rigarsa. In aka neme shi, yana Abuja, zai turo yaronsa ranar Litinin.