To, Alhaji, Kai Nawa Ka Bayar?

Da ku nake, masu ganin ƙwaƙwaf. Na san halinku: da an ambaci ƙungiya mai zaman kanta sai ku gyara zama, ku turo hula gaba, ku ce ruwa ba ya tsami banza. Wane Bature ne zai kwaso daloli daga Amurka ya miƙa wa yaran Kano don kawai su zauna su karanta kasafin kuɗi? Ai da walakin, goro a miya.

Ku kwantar da hankalinku, har harsashi zan ƙara muku, tunda na ga naku ya kusa ƙarewa. A 1967 aka bankaɗo cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta daɗe tana fakewa da wasu gidauniyoyi na bogi tana zuba kuɗi a ƙungiyoyin ɗalibai da na marubuta, har yayyafin ya taɓa ƙungiyar Mbari ta Ibadan. Ku adana wannan, zai yi muku rana a gardamar gobe.

Amma ku bari mu duba waɗanda kuke zargi a yau. Gidauniyar Ford, da kuɗin ƙera mota aka kafa ta a 1936, kuma tun 1960 take da ofishi a Legas. Ta MacArthur kuwa dukiyar wani attajirin inshora ce, John MacArthur, wanda ya mutu a 1978. Dabarar ɗaya ce: a ware dukiya, a juya ta a kasuwa, a riƙa rabar da riba. Su ma ba waliyyai ba ne, suna samun sassaucin haraji. Sai dai dokar Amurka ta tilasta musu kashe kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyar kowace shekara a ayyukan alheri, ta hana su ɗaukar nauyin ɗan takara, ta kuma ce su bayyana wanda suka ba da adadin da suka ba shi. Takardun suna intanet. Alhaji, wayar nan da kake kallon TikTok da ita ta isa ka gano asirin da kake cewa an binne.

Kuma "Baturen" da ya daɗe yana jagorantar ofishin MacArthur a Abuja, sunansa Dakta Kole Shettima, ɗan jihar Yobe. Idan kuma kuɗin nan ƙazanta ne, to ina ba ka haƙuri, domin Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna cikin jami'o'i huɗu na Najeriya da gidauniyar ta tallafa wa daga shekarar 2000. Ɗanka mai digirin nan da ka rataye hotonsa a falo ya riga ya lasa.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Mu dai taron bita a otal muke gani, da naman kaza da alawus." Malam, ka faɗi gaskiya, ko dai ba a gayyace ka ba ne? Akwai irin waɗannan, babu musu: ƙungiyar da ofishinta jakar shugabanta ce, aikinta ɗaukar hoto. Amma ka tuna ƙauyen Bagega. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Aka tsabtace wasu ƙauyuka, Bagega ta yi ta jiran kuɗin gwamnati. A 2012 wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal, suka tayar da shirin Follow The Money, suka haɗu da wasu ƙungiyoyi suka yi ta kwakwazo har aka saki kuɗin a farkon 2013. Ƙungiyar BudgIT kuma tana tura mutane ƙauye su duba ko rijiyar burtsatsen da ɗan majalisa ya rubuta a takarda tana nan a ƙasa. Irin wannan aiki yana cin kuɗin mota da na lauya da albashi, kuma gwamnan da za a titsiye ba shi zai biya ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne wurin da ku ba ku cika kallo ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mai kuɗi ke zaɓar abin da za a yi magana a kai, kuma ranar da ya gaji sai ya tafi. Shirin MacArthur na yaƙi da cin hanci a Najeriya ya naɗe tabarmarsa a 2024. Wa zai ɗauka daga nan?

Attajiranmu ba marowata ba ne. Gidauniyoyin Ɗangote da TY Ɗanjuma da Abdussamad Rabi'u suna taɓa lafiya da ilimi da ciyarwa, Allah ya saka musu. Masu ƙaramin ƙarfi ma suna gina masallaci, suna raba shinkafa da azumi. Wakafi kuwa ba Ford ya koya mana ba, tun Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa mutanen Madina muke da shi. Abin da ba mu saba ba shi ne wakafin da zai riƙe mai tambayar ina kuɗin asibiti suka shiga, domin mai neman kwangila ba ya son a gan shi yana ciyar da mai ɓata wa gwamna rai.

Saboda haka ga shawara. Tunda kuɗin waje ne ba ku yarda da su ba, kowannenku ya ajiye naira 500 duk wata, a ba wata ƙungiyar gari da kuka amince da ita ta bi diddigin kasafin ƙaramar hukumarku, ku kuma ku bi diddiginta. Ma'aji ma mun samu, ga Malam mai yawan tambaya nan.

A'a, Alhaji, me ya kawo laluben takalmi? La'asar da saura, zauna mu fara da kai.